Darasin Juma'a: Sanin Halin Abokin Aiki



A 'yan watannin nan, yawancin ƙarar da ke zuwa gaban dattawan masallacinmu ba ta cin amana ba ce. In muka zauna muka bi lissafi sai mu tarar kuɗi sun cika, babu wanda ya ci na wani. Magana ce kawai ta ɓata tsakani.

Ga misali ɗaya, ba za mu kama suna ba. Motar tumatir ta iso Mile 12 daga Kano a makare, kwanduna da dama sun ruɓe. Maigida ya hau yaronsa da faɗa a gaban 'yan dako da masu saye, wai don me bai riƙa kiran direba ba. Kafin la'asar ya huce, har ya saya masa abinci. Yaron bai ce uffan ba. Bayan sati uku ya ɗauki jakarsa ya nufi tasha. Da muka haɗa su, maigida ya ce, "Wallahi Malam ni na ma manta." Yaron ya ce shi bai manta ba, kuma faɗan bai dame shi kamar idon mutane ba. Duk su biyun gaskiya suka faɗa. Shekara shida suna tare, amma babu wanda ya san halin ɗan'uwansa.

Allah bai halicci mutane da hali ɗaya ba, kuma sahabbai ma haka suke. A shekara ta 2 bayan hijira, da aka kama fursunoni 70 a yaƙin Badar, Sayyidina Abubakar ya ba da shawarar a karɓi fansa, Sayyidina Umar ya ce a kashe su. Ɗaya mai taushi, ɗaya mai tsanani. Manzon Allah (SAW) ya saurari kowanne, bai nemi wani ya koma irin wani ba, kuma su biyun ne suka fi kowa kusa da shi.

Haka wajen rabon aiki. Abu Zarri, da duk gaskiyarsa da gudun duniyarsa, ya nemi a ba shi shugabanci, Annabi (SAW) ya nuna masa cewa ba zai iya ɗaukar nauyin ba. Amru ɗan Asi kuwa bai daɗe da musulunta ba aka ba shi jagorancin runduna, har Abubakar da Umar suna cikinta. Mu kuma sai mu ɗauki yaro mai kunya, wanda ko taya kaya bai iya ba, mu tsayar da shi gaban masu saye, mu kuma damƙa littafin bashi a hannun mai surutu da ba ya iya ce wa kowa a'a. In an yi asara mu ce yaran zamani ne.

A kasuwa dai mun san su. Akwai mai zafi, wanda zai faɗi ta cikinsa nan take ya wuce. Shi kada ka tare shi yana tsakar tafasa, jira ya huce, ka faɗa masa a taƙaice ba kwana-kwana. Akwai mai fara'a da yawan hira, shi ke jawo ciniki, amma in kun yi magana ta kuɗi ku rubuta, ko ka tura masa a WhatsApp, don "in sha Allahu" ɗinsa tana da yawa. Akwai mai bin diddigi da ba ya motsi sai ya ƙirga. Kada ka ce ya cika nawa, ba shi adadi da lokaci.

Wanda muka fi zalunta shi ne mai zurfin ciki. Ba ya roƙo, ba ya ƙorafi, yana yi maka kara, sai ka ɗauka komai lafiya. Mai baki ya karɓi ƙarin kuɗi, ya karɓi izinin zuwa gida da Sallah, shi kuma ana cewa ai wane ba shi da matsala. To ku duba abin da ya faru bayan yaƙin Hunaini a shekara ta 8. Annabi (SAW) ya ba wasu manyan Ƙuraishawa sababbin shiga Musulunci raƙuma ɗari-ɗari, mutanen Madina da suka sha wahala tare da shi ba su samu ba. Abin ya sosa musu rai. Da labari ya kai gare shi bai ce ai nawa ne, za su haƙura ba. Ya sa aka tara su su kaɗai, ya tuna musu matsayinsu, ya ambaci alherin da suka yi masa da bakinsa, ya nuna musu cewa wasu za su koma da dabbobi, su kuma da shi za su koma gida. Suka yi ta kuka, suka ce sun yarda. Kun ga, amintacce ma yana bukatar a kira shi gefe a yi masa bayani. Yaushe rabon da ka zaunar da yaronka mai shiru ka tambaye shi abin da ke damunsa?

Sai dai a kula, sanin hali daban, yi wa ƙabila kuɗin goro daban. Mukan ji ana cewa halin Yarbawa ne, ko ai Basakkwace ne, ko Bakano sai wayo. Wannan lalaci ne. Cikin ɗaki ɗaya ma za ka sami wa mai zafi da ƙane mai sanyi. Mutumin da ke gabanka za ka karanta: yaya yake in an yi asara, yaya yake in an yabe shi, gyara a gaban mutane yake ɗauka ko a keɓe?

Kuma kada mai zafi ya fake da cewa hali zanen dutse. Wani mutum ya nemi wasiyya wajen Annabi (SAW), ya hana shi fushi. Ya sake tambaya, aka sake ba shi amsar nan, har sau da dama. Da ba a iya horar da hali da ba a umarce shi ba. Maigida shi ya fi cancanta ya fara, tunda shi ke da iko, yaro kuwa ba shi da wurin kai kuka a garin da ba nasa ba. Mata a gida, wannan darasin ya shafe ku da 'yan aikinku da yaran da kuke riƙo.

Shi wancan yaron ya yarda ya dawo, da sharaɗin in akwai gyara a kira shi cikin rumfa. Maigida ya amince a gaban shaidu. Wanda ke da irin wannan saɓani da abokin aikinsa ya samu Liman ko sakatare bayan sallar isha'i, kafin a kai ga ɗaukar jaka.