Hawan Dutsen Kilimanjaro: Sannu Ba Ta Hana Zuwa

Kwanakin baya, a darasin labarin ƙasa, malaminmu ya nuna mana hoton Dutsen Kilimanjaro, ƙanƙara fara fat a kansa. Nan take wani abokina, zakaran gudun fanfalaki na gidanmu, ya bugi ƙirji ya ce kwana biyu sun ishe shi ya hau ya sauko. Malam ya yi murmushi ya ce masu irin wannan gaggawa su dutsen ya fi kayarwa. Abin ya ba ni mamaki, shi ya sa na shiga laburare na bincika. Ga abin da na samo, ya ku 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu.

Kilimanjaro yana ƙasar Tanzaniya, kusa da iyakar Kenya, kuma duk Afirka babu dutsen da ya kai shi. Tsawonsa mita 5,895 ne in an auna daga bakin teku. Chappal Waddi na Jihar Taraba, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Nijeriya, mita 2,419 ne, watau bai kai rabinsa ba. A shekarar 1889 Hans Meyer, Bajamushe, da Ludwig Purtscheller, mutumin Ostiriya, suka kai ƙoƙuwarsa. Shi ma Meyer sai da ya gwada a 1887 ya komo bai kai ba.

Abu na farko da mai niyyar hawa zai duba shi ne lokaci. Mu nan damina ɗaya muka sani, amma su can biyu gare su. Babbar takan sauka daga Maris zuwa Mayu, ƙaramar kuwa wajen Nuwamba. A waɗannan watanni hanya santsi take yi, hazo ya rufe gaba, tufafi su jiƙe su ƙi bushewa. Saboda haka an fi zuwa a Janairu da Fabrairu, ko kuma daga Yuni zuwa Oktoba.

Na biyu, sanyi. Dutsen yana kusa da layin ikwaita, amma kada wannan ya ruɗe ka. Duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi yakan ragu da digiri shida da rabi ko kusa da haka. To, garin Moshi da ke gindin dutsen yana kan mita 900 ne, ƙoƙuwar ta ɗara shi da mita 5,000. In ana digiri 30 a Moshi, lissafi ya nuna a can sama ruwa yana iya daskarewa ko da rana tsaka. Ga shi kuwa da tsakar dare ake tashi daga masauki na ƙarshe, don a isa da hudowar rana. Mu da muke makyarkyata a bakin famfo da asuba lokacin hunturu, sai mu kwatanta. Dole a tanadi riguna masu kauri da za a sa ɗaya kan ɗaya, da rigar ruwa, da safar hannu, da hular sanyi, da baƙin tabarau, da takalmin da ƙafa ta riga ta saba da shi.

Na uku, wanda ya fi duka hatsari, shi ne ciwon hawan dutse. Gwargwadon hawanka, gwargwadon yadda iska take raguwa. A ƙoƙuwar Kilimanjaro, numfashi ɗaya yana kawo wa jiki kusan rabin oksijin da yake samu a bakin teku. Ciwon yakan fara ne in an wuce mita 2,500, kun ga ke nan duk ƙasarmu babu inda za mu saba da shi. Alamunsa ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, da rashin son abinci, da rashin barci. In ya tsananta ruwa yakan taru a huhu, mutum ya riƙa haki da tari ko yana zaune, ko kuma ƙwaƙwalwa ta kumbura, ya riƙa tangaɗi kamar mashayi yana sambatu. Waɗannan biyu suna kisa. Maganinsu na farko a sauko da mutum nan da nan, ko da dare ne.

Ƙarfin jiki ba ya hana wannan ciwo, lokaci jiki yake so ya saba. Likitoci sun ce in an wuce mita 3,000, kada wurin kwana ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, kuma a huta yini guda bayan kwana uku ko huɗu. Amma dubi hanyar Marangu: masaukin Mandara yana wajen mita 2,700, Horombo 3,700, Kibo 4,700. Kowace rana mita 1,000 ke nan! Don haka masu hankali sukan ƙara kwana a Horombo, ko su bi hanyar Lemosho mai cin kwana bakwai ko takwas. Doka ta hana hawa ba tare da ja-gora ba, su kuwa ja-gorori kullum maganarsu "pole pole", watau sannu sannu da Swahili.

Kafin tafiya a ga likita. Akwai ƙwayar Diamox mai taimakon jiki ya saba, amma sai da izininsa. Mai ciwon sikila kuwa, ƙarancin iskan nan yana iya tayar masa da ciwon, har mai jinin AS ma yana iya samun matsalar saifa. Rigakafi ya fi magani.

Da na karanta wa abokina wannan duka, sai ya yi shiru, can ya ce to shi ma kwana takwas ɗin zai yi. Na ce madalla. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.