LABARIN JIRGIN YAƘI MAI SUNA ASHANTI

Wanda ya taɓa jin labarin fatauci na zamanin da, ya san ayari ba ya tashi zuwa Gwanja sai da masu tsaro. Jakuna da takarkarai suna tsakiya da kaya, mahaya kuwa suna gaba da baya, suna duban daji saboda 'yan fashi. To, haka al'amarin ya ke a bisa teku a lokacin yaƙi. Jiragen kaya ba su tafiya ɗai ɗai. A kan tara su ayari guda, a sa waɗansu jiragen yaƙi masu sauri su kewaye su. Irin jirgin nan mai tsaro Turawan Ingila suna ce masa distiroya, watau mai hallakarwa. Ni dai ban sami kalmar Hausa guda da ta ɗauke ma'anarsa sarai ba, saboda haka za mu bar shi da sunansa. Labarin ɗaya daga cikinsu za mu karanta, wanda ya yi aiki a Yaƙin Duniya na Biyu, wanda dattawa ke kira Yaƙin Hitila, daga 1939 zuwa 1945.

Kafin yaƙin, Ingila ta ƙera distiroya 16 masu fasali ɗaya, ta raɗa musu sunayen kabilu na ƙasashe dabam dabam. Akwai Zulu, da Somali, da Nubian, da Mashona, da Matabele, da Gurkha, da Sikh, da sauransu. Namu sunansa Ashanti, watau Asante, mutanen Kumasi, waɗanda fatakenmu na goro suka sani da sunan Tonawa. An fara ƙirarsa a garin Dumbarton, a ƙasar Sikotilan, cikin 1936, aka tura shi ruwa cikin Nuwamba 1937, ya shiga aiki cikin Disamba 1938.

Tsawonsa ƙafa 377, faɗinsa kuwa bai kai ƙafa 37 ba. Ka ga siriri ne ƙwarai, kamar takobi, don ya tsaga ruwa. In ya sake gudu ya kan yi wajen mil 41 a sa'a guda. Yana da manyan igwa 8, biyu biyu a wuri huɗu, da bututu 4 na harba wani makami da a ke kira tofido. Tofido doguwar nakiya ce mai inji a cikinta, tana gudu a ƙarƙashin ruwa da kanta, in ta bugi cikin jirgi sai ta fashe. Mutanensa 190 ne a lokacin zaman lafiya. Amma kada mai karatu ya zaci jirgin yana da sulke. Ƙarfen jikinsa ba shi da kauri ko kaɗan. Manyan jiragen yaƙi su ke da sulke; distiroya ba shi da abin kāre kai sai gudu da iya kaucewa.

Cikin watan Fabrairu 1939, tun ba a fara yaƙi ba, aka aiki jirgin ya ziyarci mutanen da ya ci sunansu. Ya sauka a Takoradi, a ƙasar da a lokacin a ke kira Gold Coast, yanzu Gana. Sarkin Asante, Prempeh II, ya ba shi kyautar ƙararrawa ta azurfa da garkuwa ta zinariya. Jama'a suka yi ta shiga suna kallo, waɗansu har suka kawo layu don tsari. Bayan wata 6 da 'yan kwanaki yaƙi ya tashi.

Farkon aikinsa a tekun arewa ne. Cikin Afrilu 1940 Jamus ta faɗa wa ƙasar Norwe, jiragen Ingila suka tafi taimako. A can ne aka gane wani aibi na waɗannan jiragen 16. Igwoginsu an yi su ne don harbin jirgin ruwa, ba su iya ɗaga baki sama sosai. Jirgin sama kuwa daga bisa kai ya ke zuwa. Ta haka aka nutsar da Gurkha da Afridi, shi ma Ashanti bam ya faɗi kusa da shi ya yi masa ɓarna. Daga baya aka cire igwa biyu daga cikin takwas ɗin nan, aka sa waɗanda ke iya harbin sama a madadinsu.

Babbar hasarar da ta fara samunsa kuwa ba abokin gaba ya jawo ta ba. Cikin Oktoba 1940 an gama ƙera wani ƙaton jirgin yaƙi mai suna King George V a kogin Tyne, aka sa distiroyoyi su wuce gabansa da dare su share hanya. Duhu ya yi yawa, ga yayyafi. Wani mai suna Fame ya hau duwatsun gaɓa kusa da garin Sunderland, Ashanti na biye da shi, ya buge shi, shi ma ya kafe. Sai da aka sauke igwoginsa da kayansa masu nauyi, sa'an nan aka iya jawo shi bayan wajen sati biyu. Gyaransa ya ci kusan shekara guda. Wani abin mamaki, wannan King George V ɗin shi ne ya taka ɗan'uwan Ashanti mai suna Punjabi cikin hazo a watan Mayu 1942, ya raba shi biyu.

Shekarar 1942 ita ce ta fi kowace tsanani a gare shi. Ingila da Amurka suna aika wa Rasha kayan yaƙi ta hanyar teku, su bi ta arewacin Norwe zuwa Murmansk da Arkanjel. In kana da taswira, duba can ƙuryar sama. Wurin nan da rani rana ba ta faɗuwa, jiragen saman Jamus suna ganin ayari dare da rana. Da hunturu kuwa rana ba ta fitowa, ruwan da ya fantsamo bisa jirgi nan take ya ke daskarewa, sai an bi shi da gatari ana sara don kada nauyinsa ya kifar da jirgin. Sanyin Jos ko na Kano cikin tsakiyar hunturu ba a ko kwatanta shi da wannan. Mutum in ya faɗa ruwan, 'yan mintoci kaɗan ya ke yi da rai. Sa'ad da aka nutsar da Matabele cikin Janairu na shekarar, mutum biyu kaɗai suka tsira, cikin mutum fiye da 200.

Ana cikin haka, watan Agusta, aka janye Ashanti daga sanyi aka kai shi Bahar Rum. Akwai wani ɗan tsibiri a tsakiyar bahar ɗin mai suna Malta, yana hannun Ingila, Jamus da Italiya sun tsare hanyoyinsa har abinci da mai sun kusa ƙarewa. Aka tashi ayarin jiragen kaya 14. Madugun da zai kai su har bakin tsibirin, Admiral Burrough, yana cikin wani babban jirgin yaƙi mai suna Nigeria. Ran 12 ga Agusta da maraice wani jirgin ƙarƙashin ruwa na Italiya ya harbi Nigeria da tofido, ya raunana shi, tilas ya juya baya. Sai madugun ya sauka ya koma cikin Ashanti, daga nan ya ci gaba da ba da umurni. Cikin jirage 14, guda 5 suka isa Malta, har da wani mai ɗaukar mai, sunansa Ohio, wanda ya shiga tashar yana gab da nutsewa, distiroyoyi suna tallafe da shi dama da hagu. Abin da suka kai ya isa tsibirin ya ci gaba da tsayawa.

Ba a bar shi ya huta ba. Cikin Satumba ya koma arewa, ya raka ayarin jiragen kaya 40 zuwa Rasha, 13 suka hallaka a hanya. A kan hanyar komowa ne abin da ya fi sa a tuna da shi ya faru.

Ran 20 ga Satumba wani jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus ya harbi Somali a ɗakin injinsa. Ruwa ya cika ɗakin, wuta ta mutu, jirgin ya tsaya cik. A ka'idar yaƙi, abin da ya fi sauƙi shi ne a kwashe mutane, a ƙarasa nutsar da shi, a wuce, gama duk jirgin da ya tsaya a wurin nan ya zama abin bara. Amma distiroya ya yi wa Ingila ƙaranci ƙwarai a lokacin, kowane ɗaya abin tattali ne. Aka kwashe waɗansu daga mutanen Somali, waɗansu suka zauna a cikinsa. Kyaftin ɗin Ashanti, Richard Onslow, ya sa aka ɗaura igiyar ƙarfe, ya fara jansa zuwa tsibirin Aisilan.

Ja kaɗai ba ya isa. Jirgin da ya huje, in ba ana kwashe ruwan da ke shiga ba, nutsewa zai yi a hankali, famfunan kwashe ruwa kuwa da lantarki su ke aiki, ga shi injin Somali ya mutu. Sai mutanen Ashanti suka miƙa waya daga jirginsu zuwa nasa, ta bisa ruwa, suka riƙa ba shi wuta daga injinsu. Famfuna suka tashi, mutanen da ke ciki suka sami haske. Haka suka yi ta tafiya kwana huɗu, mil 420, watau wajen mil 5 a sa'a guda, jirgin da ya saba yin 41. Duk tsawon kwanakin nan kowa ya san in jirgin ƙarƙashin ruwa ya same su, ba mai iya kaucewa, da mai ja da wanda a ke ja.

Jamusawa ba su same su ba. Iska ce ta same su. A dare na huɗu guguwa ta taso da ƙanƙara, raƙuman ruwa suka yi ta ɗaga Somali suna sakinsa, har ƙashin bayansa ya karye a daidai wurin raunin. Ya naɗe biyu, ya nutse nan da nan. Ashanti da waɗansu jiragen da ke tare suka juyo cikin duhu suna tsamo mutane, amma sanyi ya riga su ga mafi yawa. Mutum 35 aka ceta, har da mai riƙon jirgin, Colin Maud. A ganina ba a kyauta a ce wahalar banza aka yi. Da iskar ta yi jinkiri kaɗan, da an kai shi. Amma gaskiya ne kuma, da an nutsar da shi tun ran 20, da waɗanda suka mutu a daren nan sun koma gida. Kyaftin ba shi da sanin abin da iska za ta yi bayan kwana huɗu sa'ad da ya ke yanke shawara.

Bayan wannan ya yi tsaron manyan jirage sa'ad da sojan Ingila da Amurka suka sauka a Afirka ta Arewa cikin Nuwamba 1942. Cikin 1944 aka kai shi Plymouth, a kudancin Ingila, tare da ɗan'uwansa Tartar da waɗansu masu fasalinsu na ƙasar Kanada, irin su Haida da Huron. A nan ne ya sami aikin da tun asali aka ƙera shi dominsa, watau faɗa da jirgi ɗan'uwansa da igwa. Ran 6 ga Yuni sojan taron dangi suka sauka a Normandi, a Faransa. Bayan kwana uku, da dare, jiragen yaƙin Jamus 4 suka taso daga Brest don su faɗa wa masu kai musu kaya. Aka tare su. Tartar ya sha harbi har ya kama wuta. Cikin hayaƙin nan Ashanti ya ci karo da wani mai lamba ZH1, wanda asalinsa na Holan ne Jamusawa suka ƙwace, ya harbe shi da tofido, bai daɗe ba ya fashe ya nutse. 'Yan Kanada kuma suka kori wani har ya hau duwatsu.

Kafin ƙarshen 1944 jikinsa ya gaji. Aka shigar da shi gyara mai tsawo, har yaƙi ya ƙare bai sake fita fagen fama ba. Cikin 'yan'uwa 16, guda 12 sun nutse. Waɗanda suka ga ƙarshen yaƙin su ne Ashanti, da Eskimo, da Nubian, da Tartar. Cikin 1948 aka kai shi wani lungun teku a Sikotilan, aka yi gwaje-gwaje a jikinsa don a koyi yadda jirgi ke jimre ɓarna. Cikin 1949 aka sayar da shi ga masu fasa tsofaffin jirage a garin Troon, ba nisa ƙwarai da inda aka ƙera shi, suka yanyanka shi suka sayar da ƙarfen. Bayan shekara 10, cikin 1959, aka tura wani sabon jirgin yaƙi ruwa, aka raɗa masa sunan Ashanti.