Don me ɗiyarka ta tuɓe awarwaro?

Wani dattijo a ajinmu na yaƙi da jahilci ya zo da ƙorafi. Ɗiyarsa tana lakwal ɗin koyon aikin likita. Da ta zo hutu, sai ya ga babu awarwaro a hannunta, babu zobe, farce kuma an yanke shi ƙwal. Ya ce: "Malam, wane irin karatu ne wanga, da ke raba ɗiya mace da adonta?" Na san ba shi kaɗai ke wannan tambaya ba a ƙasar Arewa. Shi ya sa na rubuto maka darasin nan, ɗan'uwa mai karatu.

In ka je gidan likita na Dogon Dutsi, ko na Tibiri, ko wani CSI kamar na Matankari ko Kore Mairuwa, kana iya tarar da samari da ƴan mata cikin fararen riguna suna bin majo a baya. Ɗalibai ne. Wasu daga makarantar lafiya ta gwamnati, ENSP, wadda ke Yamai da Damagaram, wasu daga makarantu masu zaman kansu. Sun zo koyon aiki a kan maras lafiya na gaske, watau a kan matarka da ɗanka. To, kafin su taɓa kowa, akwai dokar shiga da ake ɗora masu.

Babbar dokar a hannu take. Daga yatsu har gwiwar hannu ba a son komi: ba awarwaro, ba agogo, ba zobe mai ido, ba dogon hannun riga. Dalili shi ne ƙwayoyin cuta. Ido ba ya ganinsu, amma suna maƙalewa ƙarƙashin zobe da cikin farce, inda sabulu ba ya kaiwa da kyau. Ɗaliba ta wanke gyambon wani, ta juya ta karɓi jinjiri. In abin ya ɓuya a awarwaronta, ita ce ta ɗauko cutar ta kai masa, ba da saninta ba.

Wannan ba sabon zance ba ne. A shekarar 1847, a birnin Viyana na ƙasar Ostiriya, wani likita mai suna Semelwais ya ga mata suna mutuwa da zazzaɓi bayan haihuwa. Ya lura ɗaliban likita suna taɓa gawa wajen karatu, sa'an nan su wuce ɗakin haihuwa. Ya tilasta masu wanke hannu da ruwan magani irin na jabel. A watan Afrilu, cikin mata 100 wajen 18 suka mutu. Bayan ƴan watanni, sai aka koma wajen 2 cikin 100. Ita ma Ingila, sai a 2007 ta kafa wa ma'aikatan asibitocinta dokar barin hannu fili har gwiwa. Ka ga ashe ba ɗiyan talakawa kaɗai aka ɗora wa ba.

Mu kam abin bai kamata ya zame mana baƙo ba. Mai alwala ma nannaɗe hannun riga yake yi, ya wanke har gwiwa. Kuma mata sun sani, jan farcen kanti yana hana ruwa taɓa farce. A gidan likita laifinsa ya fi haka: yana tsagewa, datti ya samu wurin zama. Lalle shi rini ne a fata, ba ya tare ruwa, amma kowace makaranta da nata tsarin, sai ɗaliba ta tambaya. Wankin kansa ba na tsoma hannu a fitar ba ne. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce da ruwa da sabulu a ɗauki daƙiƙa 40 zuwa 60.

Sai maganar lulluɓi, wadda ta fi damun iyaye da mazaje. Rufe kai ba ya ɓata aikin, gashi ma so ake a ɗaure shi a rufe. Abin da ake gudu shi ne dogon hijabi mai lilo. In ta duƙa, bakinsa ya sharo miki ko jini, ta ɗauka ta kai gado na gaba. Maganinsa ɗan gajeren hijabi mai tsabta, a cusa bakinsa cikin riga. A ganina, mijin da ya fahimci wanga ba ya da sauran gardama.

Takalmi rufaffe ake sawa, ba silifa ba. Na san a zafin watan Afrilu wahala ce. Amma allura tana faɗuwa, jini yana ɗiga, kuma ta jini ake ɗaukar sida da ciwon hanta. Nan ɗalibin ake karewa. Turare mai ƙarfi ma a bar shi gida, yana tayar wa mai ciki da zuciya. Samari su ma doka ba ta bar su ba: agogo a aljihu, gemu a gyare.

Wani abu da ke ɓata mani rai shi ne ganin farar riga a kasuwa, ko bisa kabukabu. Wasu yara suna yawo da ita don a ce masu likita. Rigar aiki ce. A wurin aiki ake sa ta, can ake tuɓe ta, a ƙunshe a leda. In ɗiyarka ta kawo ta gida, a wanke ta daban, kada a gama da kayan yara. A shanya a rana, a goge. In da hali ka yi mata biyu, don guda ba ta isa mako.

Farar riga kuma ba ita ce shaidar gama karatu ba. Ɗalibi da gwani duk ita suke sawa. Wasu suna da suna rubuce a ƙirji, ko a ɗan kati. Da can sai dai ka kalla. Yanzu ka iya haɗa baƙaƙe, to ka karanta. In babu rubutu, ka tambaya cikin ladabi: "Ɗiyata, ke ɗaliba ce? Wa ke duba aikinki?" Ɗalibar kirki ba ta jin haushi, za ta nuna maka majo.

Shi dattijon namu, da muka gama darasi, cewa ya yi zai ba uwar ɗiyar awarwaron ta ajiye a kwalla har ranar salla.