Zaɓen Na'urar Sanyaya Iskar Inji a Ƙasa Mai Zafi

A mahaɗar Shuwarin, dab da garin Dutse, inda babbar hanyar da ta taso daga Kano ta Wudil take zarcewa zuwa Azare da Maiduguri, mai lura zai ji wata siririyar ƙara kamar fito tana tashi daga injin tireloli a duk lokacin da direba ya taka totur. Wannan fito kukan wata na'ura ce da ke ɗura wa inji iska da ƙarfin tsiya. Irinta tana cikin wasu ƙananan motoci masu gudu da ake gani a titunan Dutse da Kano, kamar Mercedes ɗin da aka rubuta wa "Kompressor" a baya, da wasu nau'o'in Range Rover. A gaban kowace daga cikinsu, bayan bamba, akwai wata aba mai kama da lagireto wadda aikinta shi ne sanyaya wannan iska. Kanikawa suna kiranta intakula, malaman kimiyya kuwa suna sanya ta cikin jerin na'urorin musayar zafi. Ita ce ta fi kusa da tsakuwa da ƙura da haɗari, saboda haka takan riga sauran kayan inji lalacewa, mai mota ya shiga kasuwa neman wata. Wannan zaɓe da ake yi a bakin shago, darasi ne cikakke na kimiyyar zafi.

Me ya sa ake ɗura iska?

Inji ba ya ƙona mai sai da iskar oksijin. Yawan man da zai iya ƙonawa a bugu ɗaya ya dogara ne ga yawan iskar da ta shiga tukunyar fistan. Maƙeri ya san wannan tun kafin a ƙera mota, shi ya sa yake zuga wuta da zugazugi: gawayin bai ƙaru ba, amma wutar ta ƙara ƙarfi. A shekarar 1860 wasu 'yan'uwa biyu a jihar Indiyana ta Amurka, Philander da Francis Roots, suka yi rajistar wani famfon iska wanda aka yi ta amfani da shi wajen zuga wutar narka ƙarfe. Daga baya aka ɗaura irinsa a jikin injin mota, fambel yana juya shi, shi ne sufacaja. Kamfanin Mercedes ya nuna motocinsa na farko masu wannan na'ura a Balin a 1921. Ɗayan nau'in, wato turbo, hayaƙin salansa ne ke juya shi, kuma wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Alfred Büchi ne ya yi rajistarsa a 1905. Shi ne mai fiton nan na tireloli.

Sai dai duk wanda ya taɓa ba wa tayar keke iska ya san cewa gindin famfon yakan ɗau zafi. Idan aka matse iska, ƙarfin da aka kashe wajen matsar ba ya ɓacewa, yana komawa zafi ne. Iska mai zafi kuwa buɗewa take yi, ƙwayoyinta su yi nesa da juna, wato mudu guda na iska mai zafi bai kai mudu guda na mai sanyi nauyi ba. An ɗura iska don a sami oksijin da yawa, zafi kuma ya dawo ya rage ribar.

Wannan asara ce kawai. Haɗarin yana wani wuri. A injin fetur, fulogi ne ya kamata ya kunna wuta, ta bazu a hankali cikin tsari. Idan cakuɗen iska da mai ya yi zafi fiye da kima, ragowarsa takan fashe da kanta kafin wutar ta iso gare ta, a ji wata ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Wannan ƙwanƙwasa ba ita ce abin da direbobi ke nufi ba idan suka ce inji ya buga, amma hanya ce miƙaƙƙiya zuwa can, domin takan fasa zoben fistan ko ta huda kansa. Motocin zamani suna da kwamfutar da ke sauraron wannan ƙara, da ta ji sai ta jinkirta tartsatsin fulogi, ƙarfin mota ya ragu. Dalili ke nan da mai mota zai ce da asuba motarsa kamar ta tashi sama, da azahar kuma sai ta yi nauyi. Injin dizal ba ya irin wannan ƙwanƙwasa, amma iska mai zafi tana ƙara masa baƙin hayaƙi da zafin salansa.

Lissafin tsakar rana a watan Afrilu

A ƙasar Dutse zafin bazara yakan kai digiri 40 na ma'aunin Salshiyas, wani lokaci ya haura. Lissafin iska ana yin sa ne da ma'aunin Kelbin, wato a ƙara 273, sai 40 ta zama 313. A ɗauka na'urar ta ninka matsin iska sau biyu. Ƙa'idar ita ce a ɗaga wannan 2 zuwa ƙarfin 0.286, abin da zai ba da 1.219, sannan a ninka da 313. Amsar ita ce 382, wato zafi ya ƙaru da digiri 69. Wannan idan na'urar ba ta da aibi ke nan, alhali babu irin wannan na'ura a duniya. Wadda ingancinta ya kai kashi 70 cikin ɗari za ta ƙara digiri 98, iskar ta fito da zafin digiri 138, ta wuce tafasasshen ruwa nesa. Tsofaffin sufacaja irin na Roots ma ba su cika kai wannan inganci ba.

Yanzu sai intakula ta karɓa. Ba ta ƙirƙiro sanyi kamar firji. Iyakar abin da take yi shi ne ta miƙa zafin iskar inji ga iskar waje, domin zafi kullum daga abu mai zafi yake gangarawa zuwa wanda bai kai shi ba. Saboda haka ba za ta taɓa sauke iskar ƙasa da zafin gari ba. Tazarar da ke tsakanin 138 da 40 digiri 98 ce. Na'urar da ke cire kashi 70 cikin ɗari na wannan tazara za ta bar iskar a kan digiri 69. A ma'aunin Kelbin an sauko daga 411 zuwa 342, wato nauyin iskar da ke shiga inji ya ƙaru da kashi 20 cikin ɗari.

Ɗalibi ya sake wannan lissafi da safiyar hunturu, a ce digiri 15. Zai ga iskar ta fito daga na'urar matsi da digiri 105, ta shiga inji da digiri 42. Mota ɗaya, na'ura ɗaya, bambancin digiri 27. Irin wannan safiya ta hunturu ita ce ta yi kama da yanayin da mota ta saba da shi a Jamus ko Beljiyam. Don haka na'urar da ta wadatar a can, ba lalle ne ta wadatar a hanyar Kiyawa da ƙarfe biyu na rana ba, kuma yabon da aka rubuta a jikin kwali ba a Jigawa aka auna shi ba.

Iri biyu

Iri na farko iska ce ke sanyaya iska. Iskar inji tana bi ta cikin bututai na alminiyam, iskar hanya tana ratsa tsakaninsu. Ba famfo, ba ruwa, abin lalacewa kaɗan ne. Ita ce a tireloli da ƙananan Mercedes Kompressor.

Iri na biyu, wanda ke cikin manyan injuna irin na Range Rover mai sufacaja, ruwa ne ɗan aike. Akwai ƙaramar masanyaya a saman inji inda ruwa ke karɓar zafi daga iska, famfon lantarki ya tura ruwan zuwa wata na'ura a gaban mota, iskar hanya ta sanyaya shi, ya komo. Wannan ta gaban ita aka fi canzawa. An zaɓi ruwa ne domin kilo ɗaya nasa yana shan jul 4,180 kafin zafinsa ya ƙaru da digiri ɗaya, iska kuwa kimanin jul 1,005 kawai.

Yawan zafin da ake magana a kai ba ƙarami ba ne. Inji mai ƙarfin dawaki kusan 400 yana shaƙar wajen kilo 0.3 na iska a kowace daƙiƙa idan an taka shi sosai. Sauke wannan iska da digiri 69 yana nufin kwashe wat 20,800, kwatankwacin dutsen guga na lantarki guda ashirin a kunne. Idan ruwan da ke zagayawa lita biyar ne, kuma na'urar gaba ba ta zubar da komai, zafinsa zai riƙa hawa digiri ɗaya a kowace daƙiƙa. Wannan ya isa amsa ga masu ƙara babban tankin ruwa suna zaton sun magance matsala. Tanki jinkiri yake kawowa. Yana da amfani ga mai tseren daƙiƙa goma, amma wanda zai yi tafiyar awa guda daga Dutse zuwa Wudil, dole duk zafin da ya shiga ruwa ya fita ta gaba.

Abin dubawa a kasuwa

A Ƙofar Ruwa ta Kano, inda masu motocin Jigawa da yawa kan je neman kayan gyara, mai saye zai tarar da tsohuwa ta asali da aka ciro daga motar Turai, da sabuwa ta wani kamfani daban, mai ƙyalli da kauri. Ido yakan tafi ga mai kaurin. A nan ne kuskure ya fi yawa.

Mai shayi idan zai sanyaya shayi yakan sheƙa shi daga kofi zuwa kofi, domin ya faɗaɗa fuskar da ke haɗuwa da iska. Haka abin yake ga wannan na'ura: faɗin fuskar da ke kallon iskar hanya ya fi kauri muhimmanci. Iskar da ta shiga ta gaba tana ɗumama yayin da take ratsawa, kafin ta kai sashen baya ta riga ta rage ƙarfin karɓar zafi, don haka ninka kauri ba ya ninka aiki. Bugu da ƙari, ba ita kaɗai ke wurin ba. A bayanta akwai na'urar iyakwandishan, a bayan wannan kuma lagireto. Mai kauri takan tare musu iska, ta kuma miƙa musu wadda ta riga ta yi zafi. A kan buɗaɗɗiyar hanya ba za a lura ba. Sai an shiga cunkoson ranar kasuwar Shuwarin ko ta Gujungu, mota tana rarrafe, fanka kaɗai ke jan iska, sannan allurar zafin inji za ta fara hawa. An gyara ƙaramar matsala, an sayo babba.

Sai gashin alminiyam ɗin nan sirara da ke tsakanin bututai. Mai gashi a cushe tana da fuska mai yawa, kuma a ƙasa marar ƙura ita ce gwana. A ƙasar da hunturu ke shafe watanni yana zuba ƙura, ga ƙaiƙayi da fara da ƙwari a lokacin kaka, cushewar nan takan zama tarko, ta toshe cikin ɗan lokaci. Wadda gashinta ke da 'yar tazara, ana iya wanke ta da ruwa marar ƙarfi daga baya zuwa gaba, ita ta fi dacewa. Ruwan matsi na wurin wankin mota kuwa kwantar da gashin yake yi.

Ga irin ta iska zalla, akwai batun asarar matsi. Idan bututan ciki sun yi ƙanƙanta ko hanyar ta cika lanƙwasa, iskar da aka sha wahalar matsawa takan rasa wani kaso kafin ta isa inji. Asarar kashi goma cikin ɗari na matsi ta cinye fiye da rabin ribar nan ta kashi 20 da aka lissafa a sama. Ga irin ta ruwa kuwa, famfo ne ke ɗaukar wannan nauyi: na'ura mai matsattsun hanyoyi tana rage gudun ruwa. Famfon da ke tura lita 20 a minti, a misalin da ya gabata, ruwansa zai ƙaru da digiri 15 a kowane zagaye. Idan gudun ya ragu da rabi, ƙarin ya zama 30. Sau da yawa ma ba na'urar ce ta gaza ba, famfon ne ya mutu shiru, ko iska ta maƙale a cikin tiyo. Kafin a kashe kuɗi, ya kamata bakanike ya tabbatar ruwan yana zagayawa.

Tsohuwa ta asali tana da fa'idar cewa an auna ta da motar, ƙafafunta da bakin tiyonta suna zama daidai. Aibinta shi ne ba a ganin cikinta. Gwajin kuwa mai sauƙi ne, irin na mai faci: a toshe baki ɗaya, a ba ta iska kaɗan ta ɗayan, a nutsa ta cikin ruwa a duba kumfa. Wadda aka like da gam, ko aka matse bututanta da filaya don tsayar da yoyo, an riga an rage mata aiki. Kuma kowace aka ɗaura, a toshe giɓin da ke gefenta, domin iska kamar ruwa take, inda ya fi sauƙi take bi.

Ruwan da za a zuba shi ma zaɓi ne. Ruwan rijiya da na burtsatse sukan ƙunshi narkakkun ma'adinai waɗanda ke daskarewa a jikin ƙarfe idan ya yi zafi, irin farin ɓawon nan da ake gani a cikin butar dafa ruwa. Ɓawon yana hana zafi wucewa, yana kuma toshe siraran bututai. Abin da ya dace shi ne tataccen ruwa haɗe da ruwan sanyaya inji na kanti. Gaskiya ne ƙanƙara ba ta kama mota a Dutse, amma wannan haɗi yana ɗauke da maganin da ke hana alminiyam ciwuwa, kuma saboda shi ake bukatarsa a nan.

Gwaji a aji

Malami zai iya nuna duk wannan ba tare da mota ba. A samo gwangwanin madara biyu iri ɗaya, a naɗe ɗaya da siraran yankan alminiyam masu fiffike, a bar ɗayan haka nan. A zuba musu ruwan zafi daidai wa daida, a sa ma'aunin zafi a kowanne, a ajiye su gaban fanka, ɗalibai su riƙa rubuta awo kowane minti biyu. Daga nan a shafa wa mai fiffiken taɓo, a bari ya bushe, a sake gwajin. A yi shi sau ɗaya da sanyin safiya, sau ɗaya bayan azahar, a zana sakamakon a takardar jadawali ɗaya, tare da layin da ke nuna zafin ɗakin a kowane lokaci.