Furen Ƙofar Gida da Maganin Sankara

Darasinmu na wannan fitowa a kan wani fure ne da kusan kowa ya sani da ido, ko da bai san sunansa ba. Gajere ne, ganyensa kore mai sheƙi, furensa fari ko ruwan hoda mai kunnuwa biyar. Ana dasa shi a gwangwani a ƙofar gida, yana kuma fita da kansa a gefen kwata daga Nima har zangon Kumasi. Turawa na kiransa feriwinkil, asalinsa tsibirin Madagaska.

Tun da daɗewa mutanen Jamaika suna dafa ganyensa su sha don ciwon suga. Aka aika ganyen Kanada, inda likita Robert Noble da abokin aikinsa Charles Beer suka gwada shi a kan ɓeraye. Sugan jini bai sauka kamar yadda aka zata ba. Da suka yi wa ɓerayen allurar ruwansa, sai fararen ƙwayoyin jininsu, wato sojojin da ke kare jiki daga cuta, suka zube. Nan dabara ta zo musu: akwai sankarar jini wadda ita kanta yawaitar waɗannan ƙwayoyi ce ba bisa ƙa'ida ba. A 1958 suka bayyana sinadarin da ake kira binblastin, a 1963 kuma Amurka ta amince da ɗan'uwansa binkiristin. Aikinsu hana ƙwayar sankara rabuwa gida biyu, don haka ba ta yaɗuwa. Har yau da binkiristin ake jinyar yara masu sankarar jini, da masu sankarar nan da ke kumbura muƙamuƙi, wadda asibitin Korle Bu ya daɗe yana fama da ita.

To, kada wani ya ji haka ya ɗora tukunya. Sai an tara ɗaruruwan kilo na busasshen ganye kafin a tace giram ɗaya, kuma ta jijiya ake ba da shi, bisa awo, likita na duba jini. Abin da ya fi damunmu shi ne dattijon da zai ajiye ƙwayoyinsa na suga ya koma shan ruwan ganyen. Suga ba ya ihu. A hankali yake cin ido da ƙoda da ƙafa. Mai son maganin gargajiya ya nemi wanda hukumar FDA ta yi wa rajista, ya kuma gaya wa likitansa. Cibiyar binciken maganin itatuwa da ke Mampong-Akuapem aikinta ke nan tun 1975.

Akwai wani furen adon da ya fi wannan haɗari, oliyanda, mai dogon siririn ganye, da ɗan'uwansa mai fure rawaya kamar kakaki da farin ƙaro. Sinadarinsu dangin wanda ake ba masu ciwon zuciya ne, amma a jikin itacen ba shi da awo, yana iya rikita bugun zuciya har ta tsaya. Ba a asuwaki da reshensa, ba a tsire nama da shi, ba a hura wuta da shi. Idan yaro ya tauna ganye ko ƙwallonsa, kada a tsaya ba shi manja ko madara, kada a jira amai ya fara. A kai shi asibiti nan take, a tafi da reshe ɗaya don likita ya ga abin da ya ci.