Haƙorin da Ya Ɓace Hanya: Dalilai da Yadda Ake Gyarawa

Ɗan'adam yana yin haƙora sau biyu a rayuwarsa. Na farko su ne haƙoran nono guda 20, waɗanda kan soma tsirowa tun jariri yana da kimanin wata 6. Daga wajen shekara 6 sai a shiga famfara, wato na nono su riƙa zubewa, na dindindin guda 32 suna maye gurbinsu. Kowane haƙori a cikin ƙashin muƙamuƙi ake ƙera shi, sannan ya yi tafiya har ya huda dasashi a gurbin da aka tanadar masa. To, amma ba kowane ne ke isa masaukinsa ba. Wani yakan ɓullo ta ganɗa, wani ta saman dasashi tamkar haure, wani kuwa ya maƙale cikin ƙashi, ba a ganinsa sai a hoton eksire.

Fiƙar sama

Idan aka ɗebe turmin ƙarshe, babu haƙorin da ya kai fiƙar sama yawan ɓata hanya. Abin yakan sami kimanin mutum 2 cikin 100, kuma ya fi yawa ga 'ya'ya mata. Dalilin ba boyayye ba ne ga wanda ya san tafiyar da take yi. Can sama ake ƙera ta, a gefen hanci, ƙarƙashin kwarmin ido, kuma sai ta gangaro kimanin milimita 22 kafin ta fito a shekara 11 zuwa 12. A wannan gangarowa takan bi jikin saiwar haƙorin gaba na biyu, kamar makaho da ɗan jagora. Idan wannan maƙwabci ya zo a tsuke, ko kuma babu shi sam, fiƙa tana iya karkata zuwa ganɗa. Wasu masana sun fi jingina lamarin ga gado, domin ana ganinsa yana bin dangi. Fiƙar da ta ɓullo ta wajen leɓe kuwa, galibi cunkoso ne ya turo ta: ta iso a makare, ta tarar an cinye mata wuri.

Haɗarin ya wuce na muni. Fiƙar da ta ɓuya tana iya cin saiwar maƙwabtanta ba tare da wani ciwo ba. Ericson da Kurol, likitoci biyu na ƙasar Suwidin, sun ba da rahoto a shekarar 2000 cewa a cikin yaran da suka bincika masu wannan matsala, kashi 38 cikin 100 na haƙoran gaba na biyu saiwarsu ta zaizaye. Haka nan jakar da ta lulluɓe kan haƙorin tana iya tara ruwa, ta kumbura, ta riƙa cin ƙashi a hankali.

Yadda ake ganowa

Kayan aiki na farko yatsa ne. Yaro ɗan shekara 10 ya kamata a ji ɗan tudu a dasashinsa, sama da fiƙar nono. Idan ya kai 11 ba a ji ba, ko gefe ɗaya ya fito ɗayan shiru, hoto ya kama. Da yake hoton eksire shafaffe ne, ba ya nuna gaba da baya, sai likita ya ɗauki biyu daga kusurwa daban-daban, dabarar da Charles Clark ya bayyana tun wajen 1910. Ɗalibi zai iya jarraba ta a aji: ya ɗaga yatsu biyu, ɗaya bayan ɗaya, ya rufe ido ɗaya, ya gusa da kansa dama. Yatsan da ya fi nisa zai ga kamar ya bi shi dama. Haka haƙorin da ke ɓangaren ganɗa ke bin na'urar duk inda ta gusa. Daga ƙarshen shekarun 1990 aka sami na'urar da ke nuna tsawo da faɗi da zurfi gaba ɗaya, sai dai tana da tsada, kuma ba kowane asibiti ke da ita ba.

Magani

A nan shekaru ne ke yanke hukunci. A 1988 waɗancan likitoci biyu sun cire fiƙar nono ga yara 'yan shekara 10 zuwa 13 waɗanda fiƙarsu ta dindindin ta karkata ganɗa, sai kashi 78 cikin 100 suka miƙe da kansu. Aiki ne na 'yan mintoci da allurar kashe zafi. Idan aka bari lokacin ya wuce, sai fiɗa: a buɗe dasashi, a liƙa wa haƙorin 'yar sarƙa, a ɗaure ta da wayar gyaran haƙori, a riƙa ja sannu a hankali, abin da kan ɗauki shekara 2 ko fiye. Ga manya nasara takan ragu, domin wani lokaci saiwar takan manne da ƙashi, ko an ja ba ta motsi. A irin wannan hali akan cire ta, ko a bar ta ana lura da ita ta hoto. Abin takaici shi ne yawancin iyaye ba sa kai yaro wurin likitan haƙori sai ciwo ya hana shi barci, alhali wannan matsala ba ta sallama da ciwo.

Sauran 'yan ɓatan hanya

Turmin dindindin na farko a sama yakan maƙale a jikin turmin nono da ke gabansa. Da yawa suna kuɓuta da kansu, saura a raba su da 'yar waya ko roba. Wushirya ado ce a ƙasar Hausa, amma idan ta yi faɗi ainun, ko haƙorin gaba ɗaya ya ƙi fitowa, mai yiwuwa wani ƙarin haƙori ne ya ɓuya a tsakani, kuma cire shi ne magani. Turmin ƙarshe, wanda Turawa ke kira haƙorin hankali, yakan kwanta a gicciye. Tun shekarar 2000 hukumar NICE ta Birtaniya ta ba da shawarar kada a cire shi muddin bai kawo cuta ba. Jifa-jifa kuma akan sami haƙori a cikin hanci, mai shi ya yi shekaru yana fama da toshewa da ɗoyi ta kafa ɗaya, har sai likitan hanci ya leƙa ya zaro shi.