Ruwan Sama Na Kwanciya A Filin Makarantarmu

TAMBAYA: Ina koyar da kimiyya a aji 5 a wata firamare a Kano. Kowace damina ruwa kan kwanta a filinmu. Yaya zan mayar da wannan damuwa darasi ga yara?

AMSA: Sannu da ƙoƙari, Malama. Filin nan zai koya musu abin da allo ba zai iya ba.

Ki jira ruwa ya ɗauke, sannan ki fita da su su bi sawunsa tun daga bakin indararo har inda ya taru. Su zana taswirar hanyar, su nuna inda ledar fiya wata ta toshe lambatu.

Sai lissafi. A ajiye gwangwani mai miƙaƙƙen gefe a sarari, bayan ruwa a auna zurfinsa da rula. Milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce. Ke nan rufin aji mai murabba'in mita 60, idan aka yi ruwan milimita 20, ya zubar da lita 1,200, wato duro 6. Daga nan yara da kansu za su tambaya me ya sa ba a tara shi don ban-ruwan bishiyoyi. Su kuma zuba bokiti ɗaya a kan siminti, ɗaya a kan yashi, ɗaya a kan ciyawa, su ga wanne ya fi shanyewa.

Don Allah kada a fita ana tsawa, kuma kada yaro ya shiga kwatami ko kududdufi, saboda kwalara da tsargiya. Yasar lambatu aikin manya ne, ki kai maganar ga hedimasta da kwamitin iyaye. Ki fara tun Yuni, domin Agusta, watan marka, ana hutu.